Copernicus Browser: hotunan tauraron ɗan'adam na kyauta, da iyakar abin da suke tabbatarwa idan gwamnatoci na musun juna a lokacin yaƙi

Da asubahin 18 ga Satumba 2024 wuta ta tashi a babbar ma'ajiyar makamai ta Toropets, a lardin Tver na ƙasar Rasha. Gwamnan lardin na lokacin, Igor Rudenya, ya ce tarkacen wani jirgi maras matuƙi da aka kakkaɓo ne ya faɗo ya ta da gobara. Majiyoyin tsaron Yukren kuwa suka ce rumbunan makamai masu linzami da bama-bamai suka tarwatsa. Wurin na soja ne, ba mai barin ɗan jarida ya leƙa. A kusan kowane yaƙi haka edita ke wayar gari da sanarwa biyu masu karo da juna, kuma abin da akasari ake yi shi ne a jera su, wannan ya ce, wancan ya ce. Jerawar ba laifi ba ce, amma ba ta kai tantancewa ba.

Copernicus Browser na cikin 'yan kayan aikin da ke ba ɗan jarida shaida ta uku, wadda ba ta fito daga bakin ko ɗaya cikin masu faɗan ba. Shafi ne a intanet, ƙarƙashin shirin Copernicus na Tarayyar Turai, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai, ESA, ke kula da taurarinsa. An buɗe dandalin da yake ciki a 2023, ya maye gurbin tsohuwar hanyar sauke hotunan Sentinel, wato taurarin shirin. Ba a biyan ko sisi. Ana iya kallo ba tare da rajista ba, amma sauke hoto mai cikakkun bayanai da haɗa jerin hotunan kwanaki sai an buɗe asusu da imel, shi ma kyauta. Hukuncinmu a kansa shi ne: ya cancanci zama a kwamfutar duk ɗakin labaran da ke rahoton yaƙi, domin yana iya nuna ko wani babban abu ya faru, da tsakanin waɗanne ranaku ya faru, da faɗin ɓarnar. Ba ya nuna wanda ya aikata, ba ya ƙirga gawa, kuma wanda ya matsa masa ya faɗi waɗannan biyun zai buga ƙarya da hoto a jikinta, wadda ta fi ƙaryar baki wuyar gogewa.

Abin da ke cikinsa

Tarin bayanan da ke shafin na da yawa, amma biyu ne suka shafi wannan aiki.

Na farko Sentinel-2, mai ɗaukar hoto da hasken rana. An harba 2A a 2015, 2B a 2017, sai 2C a Satumban 2024. Suna shawagi a nisan kilomita 786, kowanne na share faɗin kilomita 290 a wucewa ɗaya, kuma suna bi ta kan wuri da misalin ƙarfe goma da rabi na safe agogon wurin. A yankunan tsakiyar duniya ana samun sabon hoto duk kwana biyar, a ƙasashe irin su Yukren kuwa duk kwana biyu zuwa uku, saboda hanyoyin taurarin suna haɗewa a can. Kyamararsa na da zangon haske 13. Huɗu daga ciki, wato shuɗi da kore da ja da infirared na kusa, ɗigo ɗaya na hotonsu, wato ƙaramin murabba'in da ake haɗa hoto da shi, daidai yake da mita 10 a ƙasa. Shida na da mita 20, uku na da mita 60.

Na biyu Sentinel-1, wanda rada ce ba kyamara ba. Shi ke aika siginarsa ƙasa ya auna abin da ya dawo, don haka dare da gajimare da hayaƙi ba sa hana shi aiki. An harba 1A a 2014. Abokinsa 1B ya lalace a Disamban 2021, wata biyu kacal kafin Rasha ta afka wa Yukren, shi ya sa hotunan rada na 2022 zuwa 2024 suke da giɓi: tauraro ɗaya sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa. An harba 1C a Disamban 2024 don cike gurbin.

Lissafin mita 10 ɗin nan shi ne abin da ya kamata mutum ya haddace kafin ya taɓa komai. Ɗigo ɗaya ya rufe murabba'in mita 100. Tankar yaƙi ba ta cika ɗigo ɗaya ba. Jirgin yaƙi samfurin Su-24, mai tsawon mita ashirin da 'yan kai, ɗigo biyu ne zuwa uku. Babban jirgin jefa bama-bamai Tu-95, mai faɗin fukafuki mita 50, ɗigo biyar ne, ana iya gane siffarsa a rana mai haske. Titin saukar jirage, tankunan mai, gada, madatsar ruwa, unguwar da ta ƙone, duk waɗannan suna fitowa. A ƙa'idarmu, abin da bai kai mita 30 a kowane gefe ba, kada a yi maganar siffarsa. Ana iya cewa launin wurin ya sauya, shi ke nan.

Yadda ake gwada iƙirari da shi

Kafin a buɗe shafin, a rubuta tambayar a takarda. Idan maganar ɓangaren farko gaskiya ce, me ya kamata a gani daga sama? Idan ta ɓangare na biyu ce fa? A batun Toropets, gobarar tarkace za ta bar baƙin tabo a gefe guda, fashewar rumbuna kuwa za ta bar ramuka da ƙonannen daji a faɗin kilomitoci. Wannan tambaya ce da hoton mita 10 zai iya amsawa. Idan kuwa duk maganganun biyu hoto iri ɗaya za su haifar, to a rufe shafin, a nemi wata hanya. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki, su shiga neman abin da zuciyarsu ta riga ta yarda da shi, kuma a cikin ɗigo masu dishi-dishi mai nema ba ya rasa abin da yake so ya gani.

Sai wurin. Kada a dogara da rubuta sunan gari a akwatin bincike, domin ƙauyuka masu suna ɗaya sun yi yawa, kuma rubutun sunan Larabci ko Rashanci da baƙaƙen boko yana bambanta daga taswira zuwa taswira. A nemo ainihin wurin a Google Earth ko OpenStreetMap, inda ake ganin gine-gine dalla-dalla, a kwafo lambobin latitud da longitud, a liƙa su. A bar wancan shafin a buɗe a gefe, saboda shi ne zai gaya maka cewa farin murabba'in da kake gani rumfar jirage ce ba ma'ajiyar hatsi ba. A tuna dai hoton Google Earth na iya zama na shekarun baya.

A zaɓi Sentinel-2, sannan a duba ma'aunin gajimare da ke kusa da kalanda. Nan akwai tarko. Adadin da yake nunawa na dukan falon hoton ne, mai kimanin kilomita 110 a kowane gefe, ba na wurin da kake dubawa ba. Idan ka bar shi a kashi 30, zai ɓoye maka ranar da gajimare ya rufe kashi 70 na falon alhali sansanin da kake nema yana fili tas. A ja shi zuwa 100, a bi ranakun ɗaya bayan ɗaya da ido. Akwai gajiya, amma sau da yawa hoton da ya warware magana a irin waɗannan ranakun yake.

Hoton "kafin" guda ɗaya bai isa ba. A ɗauki aƙalla uku daga makonnin da suka gabaci harin, a ƙara da ɗaya na watan nan a bara. Dalili kuwa, ƙasa na sauya kama ba tare da yaƙi ba: an yi girbi, an yi huɗa, an ƙone karan gona, ruwa ya kwanta, inuwar gini ta yi tsawo da sauyin yanayi. Baƙin tabon da ya kasance a wurin tun bara ba aikin makamin jiya ba ne. Kowane hoto a tura shi sashen Compare, inda ake jan layi a tsakiya a ga na da da na yanzu a wuri ɗaya. Wannan sashe yana aiki sumul, kuma shi ne mafi amfani a duk shafin.

Bayan launin da ido ya saba gani, a koma zaɓin SWIR, na hasken infirared da ido ba ya gani, wanda ke haɗa zango na 12 da 8A da 4. Zango na 12, mai tsawon kimanin nanomita 2,190, yana ratsa hayaƙi mara kauri, kuma wuta mai ci tana fitowa a cikinsa ja ko ruwan lemo mai ƙyalli, ƙasar da ta ƙone kuma ja mai duhu. A nan ne ake gane tankin mai nawa ke ci da wuta a ƙarƙashin turnuƙun hayaƙi. Abu biyu ke yaudara. Wuta mai tsanani tana cika na'urar har hasken ya malala zuwa ɗigon da ke kewaye, sai gobarar ta yi kamar ta fi girmanta, don haka ba a auna faɗin ɓarna a ranar da wuta ke ci, sai ta mutu. Kuma sabon rufin kwano ko gilashin sola da rana ta doka yana iya yin irin wannan ƙyallin. Idan ɗigon yana nan a hotunan makonnin baya, rufi ne. Wani abin kuma: hoton Sentinel-2 nau'i biyu ne, L1C da L2A. Nau'in L2A an riga an tace masa tasirin iska, kuma shi ya fi dacewa da kwatanta ƙasa da ƙasa, amma tacewar kan ɗauki hayaƙi a matsayin gajimare ta dagula shi. Idan hayaƙin kansa kake son gani, daga ina ya taso kuma ina ya nufa, L1C, wanda ba a tace ba, ya fi.

Masu son lissafi na iya amfani da ma'aunin ƙuna da ake kira NBR: a cire zango na 12 daga na 8, a raba da jimlarsu, sannan a kwatanta sakamakon kafin da na bayan hari. Shafin na ba da damar shigar da wannan a sashen Custom. Sai dai an tsara ma'aunin ne don dazuzzuka. A kan ciyawa da bishiyoyi yana aiki, a kan kankare da yashin hamada kuwa lambobinsa ba su da ma'anar da za a dogara da ita, kuma gonar da aka huɗe jiya tana ba da irin sakamakon wadda ta ƙone.

Akwai saiti ɗaya da muke ganin bai kamata a ɓoye shi inda aka ɓoye shi ba. Idan an zuƙo hoto kusa, ana iya sa shafin ya sulɓe gefunan ɗigo don hoton ya yi kyan gani. Sulɓewar na ƙirƙiro siffofin da babu su, baƙin ɗigo huɗu su zama kamar zagayayyen rami. A shiga sashen Effects a tabbatar an zaɓi Nearest, domin a ga ɗigon a murabba'insu na asali. Hoton zai yi muni, amma shi ne abin da tauraron ya gani. Haka kuma a tabbatar ana kan rana guda, ba tsakanin ranaku ba, domin idan aka zaɓi tsakanin ranaku shafin na ɗinke hotunan kwanaki daban-daban ya nuna su kamar ɗaya.

Agogo ma na kayar da mutane. Duk lokutan da ke shafin na UTC ne, wato agogon GMT. Harin da aka kai ƙarfe ɗaya na dare agogon Mosko, a UTC ƙarfe goma ne na daren jiya, kwanan wata ya bambanta. Harin da aka kai da la'asar kuwa ba zai fito a hoton wannan ranar ba, tunda tauraron ya wuce tun hantsi. An sha ganin mutane na yaɗa hoton ranar hari suna cewa ga shi babu abin da ya faru, alhali an ɗauki hoton sa'o'i kafin harin.

Inda ya yi rawar gani, da inda ya tsaya

Fashewar madatsar ruwan Kakhovka da ke kudancin Yukren a ranar 6 ga Yuni 2023 ita ce misalin da ya fi nuna ƙarfinsa da iyakarsa a lokaci guda. Yukren ta ce Rasha, wadda ke riƙe da madatsar, ita ta dasa nakiya. Rasha ta ce luguden wutar Yukren ne. Duk mai Copernicus Browser zai iya bin ruwan rana bayan rana, ya ga yadda ya mamaye ƙauyukan gaɓar kogin Dnipro har zuwa Kherson, ya ga tafkin da ya haura murabba'in kilomita 2,000 yana janyewa har ya zama laka cikin 'yan makonni. Ba wanda zai iya rage girman bala'in ko ya ƙara masa gishiri. Amma tambayar da ake jayayya a kanta, wa ya fasa, babu amsarta a hoton. Waɗanda suka matsa kusa da amsa da wasu hujjoji suka yi: cibiyar NORSAR ta ƙasar Norway ta ce na'urorin auna girgizar ƙasa sun ji alamar fashewa da ƙarfe 2:54 na dare, jaridar New York Times kuma ta haɗa zanen ginin da ra'ayin injiniyoyi ta karkata ga cewa an tayar da nakiya ne a wata hanya da ke cikin gindin kankaren, wurin da ke hannun Rasha. Mai kallo ta wannan tauraro kamar wanda ke hango kasuwa ne daga kan dutse, zai ga layin rumfunan da suka ƙone, ba zai ga hannun da ya ƙyasta ashana ba.

Haka abin yake a Sudan a Janairun 2025, da matatar mai ta al-Jaili da ke arewa da Khartum ta kama da wuta. Sojojin gwamnati suka ce dakarun RSF, waɗanda suke yaƙi da su, ne suka cinna, RSF ta ce jiragen soja ne suka jefa bama-bamai. Hayaƙin ya fito ɓaro-ɓaro daga sama, ana iya sanin ranar da sassan da suka ci wuta. Tankin da aka cinna wa wuta daga ƙasa da wanda aka jefa wa bam daga sama kuwa, a mita 10 kamarsu ɗaya.

Akwai kuma inda girman abin ne ya fi ƙarfinsa. Bayan fashe-fashen sansanin sojin sama na Saky a Kirimiya ranar 9 ga Agusta 2022, ma'aikatar tsaron Rasha ta ce harsasan jirage ne suka tashi kuma ba jirgin da ya lalace. Sentinel-2 na iya nuna ƙonannen fili a irin wannan wuri, amma hotunan kamfanin Planet masu kaifi ne suka nuna ƙarafan jirage aƙalla takwas a wuraren ajiyarsu. A garin Bucha na Yukren ma, inda Rasha ta ce an shirya gawawwakin da aka samu a tituna ne bayan ficewar sojojinta a ƙarshen Maris 2022, hotunan kamfanin Maxar masu ɗigon ƙasa da mita ɗaya ne suka nuna su kwance a titin Yablunska tun tsakiyar watan, lokacin da garin ke hannun Rasha. Sentinel-2 ba zai taɓa ganin mutum ba.

Darasin da ya fi wuya shi ne na rashin gani. A 26 ga Fabrairu 2019 Indiya ta ce jiragenta sun kashe mayaƙa masu yawan gaske a wani sansani kusa da Balakot, a Pakistan. Pakistan ta ce bama-baman a fili suka faɗa, ba wanda ya mutu. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya buga hotunan Planet na 4 ga Maris da ke nuna gine-ginen suna tsaye. Masu kare Indiya suka amsa da cewa irin bam ɗin yana huda rufi ne ya fashe a ciki. Hotunan sun raunana iƙirarin Indiya ƙwarai, amma ko su, da kaifinsu, rufi kawai suka nuna. Balle hoton mita 10. Don haka jimlar "ba a ga alamar ɓarna ba" dole ta zo tare da bayanin girman ɓarnar da hoton zai iya nunawa tun farko. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa, irin cibiyar nukiliyar Fordo ta Iran da Amurka ta kai wa hari a Yunin 2025, ba a maganarsa ma.

Ɓangaren rada

Sentinel-1 shi ne sashen da ya fi wahalar koyo, kuma shafin bai yi wa sabon shiga wani tanadi na kirki ba. Hoton baƙi da fari ne mai tsaki-tsaki. Ruwa mai kwance da titin kwalta suna fitowa baƙi, domin siginar na zamewa ta tafi. Ƙarfe da kusurwar gini suna fitowa fari ƙal. Saboda haka ya fi dacewa da neman jirgin ruwa a teku, da shata iyakar ambaliya a ƙarƙashin gajimare, da duba ko manyan jirage na nan a inda aka saba ajiye su. Lokacin da jirgin ruwan yaƙin Rasha, Moskva, ya nutse a Afrilun 2022, Rasha na cewa gobara ce ta tayar da makaman cikinsa, Yukren na cewa makamanta na Neptune biyu ne suka same shi, mai sharhi kan sojin ruwa H I Sutton ya gano jirgin a hoton Sentinel-1 na yammacin 13 ga watan. Tsawon jirgin mita 186 ne, ga shi ƙarfe a kan ruwa. Hoton ya ba da wuri da lokaci, bai ba da sanadi ba.

Ƙa'idar da ba a karyawa a nan ita ce a kwatanta hotuna biyu na hanya ɗaya. Tauraron na wucewa wani lokaci yana hawa arewa da yamma, wani lokaci yana gangarowa kudu da asuba, kuma a karkace yake kallon ƙasa. Gini ɗaya da aka kalla daga gabas da wanda aka kalla daga yamma haskensu ba ɗaya ba ne. Wanda ya haɗa hoton hawa da na gangara zai ga sauyi a ko'ina, ya zaci rushewa ce. A tace da alkiblar tafiya, a duba lambar hanyar a bayanan hoton, a tabbatar ta zo ɗaya. Ruwan sama ma na ƙara wa ƙasa haske a rada, don haka a duba ko an yi ruwa tsakanin ranakun biyu. Dogayen layuka masu haske da kan ratsa hoton kuwa ba lalacewa ba ce, katsalandan ne daga wata rada mai ƙarfi a ƙasa, sau da yawa ta soja.

Rada na da wani amfani da ba a cika ambata ba. An ga zanen jirage da fenti a kan kwaltar wasu sansanonin Rasha, ciki har da Engels, don yaudarar masu kallo daga sama. A hoton mita 10 zanen na iya kama da jirgi. Fenti ba shi da inuwa kuma ba ya mayar da siginar rada, to idan Sentinel-2 ya nuna jirgi, Sentinel-1 na ranakun ya nuna baƙin fili, akwai dalilin shakka. Taswirorin rushewar Gaza da masu bincike Corey Scher da Jamon Van Den Hoek suka riƙa fitarwa daga Sentinel-1 kuwa ba a cikin wannan shafi ake yin su ba, suna buƙatar sauke ɗanyen bayanai da lissafi na daban. Kada edita ya sa ran ma'aikacinsa zai yi irinsu da rana ɗaya.

Abokin tafiyarsa

Babbar kasawar Sentinel-2 ita ce jira. Labari na ci yau, hoton sai jibi ko gata, in gajimare ya bari. Shafin FIRMS na hukumar NASA ne ke rage wannan giɓi, shi ma kyauta. Yana nuna wuraren da na'urorin MODIS da VIIRS suka ji zafi fiye da kima, cikin kimanin sa'a uku da wucewar tauraro, dare da rana. A daren Toropets, jajayen ɗigonsa sun bazu a kan ma'ajiyar tun kafin a samu hoto mai kyau, abin da bai dace da labarin 'yar gobarar tarkace ba. Amma ɗigon VIIRS mita 375 ne, na MODIS kilomita guda, kuma ma'anarsa akwai zafi a wani wuri cikin wannan murabba'i, ba wai duka yana ci ba. Bututun ƙona iskar gas, masana'antar ƙarfe da ƙunar gona duk suna kunna shi. A koma baya wata guda a ga ko ɗigon ya saba fitowa a wurin. Wutar da ta tashi ta mutu tsakanin wucewa biyu kuwa ba za ta fito ba sam.

Sauran ƙorafe-ƙorafe da abin yabo

Shafin na da nauyi. A waya ana iya leƙawa, amma aikin kwatance na son babban allo da intanet mai ƙarfi. Asusun kyauta na da iyakar amfani ta wata-wata, wadda mai duba wurare kaɗan ba zai kai ba, sai mai yawan haɗa dogayen jerin hotuna. Sunayen zaɓuɓɓukan na masana ne, ba a rubuta su don 'yan jarida ba.

Abin da ya rinjayi duk wannan shi ne kowa na iya maimaita binciken. Hotunan kamfanoni sun fi kaifi nesa ba kusa ba, amma suna da tsada, kuma suna ƙarƙashin dokar ƙasar da kamfanin yake da bukatun manyan masu sayensa, waɗanda galibi ma'aikatun tsaro ne. Dokar Kyl-Bingaman ta Amurka, ta 1997, ta hana kamfanonin ƙasar sayar da hotunan Isra'ila da yankunan Falasɗinawa masu kaifi, inda aka tsayar da iyakar a mita 2 har zuwa 2020. Sentinel-2 kuwa yana ɗaukar ƙasa bisa jadawalinsa, ko an yi yaƙi ko ba a yi ba, tun 2015, kuma hoton da ka gani shi mai musunka zai gani idan ka ba shi lambobin wuri da kwanan wata. Lasisin ya yarda a buga a jarida ko talabijin, da sharaɗin a rubuta cewa hoton ya ƙunshi bayanan Copernicus Sentinel da aka sarrafa, tare da shekarar.

Wajen rubuta sakamako, kalmomin su tsaya inda hoton ya tsaya. Ana iya cewa: hoton Sentinel-2 na ranar kaza ya nuna ƙonannen fili mai faɗin hekta kaza a arewacin sansanin, wanda babu shi a hoton ranar kaza, kuma kaifin hoton bai kai a ƙirga jirage ba. Ba a cewa tauraron ɗan'adam ya tabbatar da harin wane, ko ya ƙaryata gwamnatin wane, sai in iƙirarin da kansa kan abin da ake gani ne, kamar a ce gada na tsaye alhali tsakiyarta ta faɗa ruwa. Idan an ƙara haske ko an yi amfani da SWIR, a faɗa a ƙarƙashin hoton, domin mai karatu zai ɗauki jan launin a matsayin harshen wuta na zahiri.

A ajiye komai kafin bugawa: mahaɗin shafin, wanda ke riƙe wuri da rana da saitin da aka yi amfani da shi, cikakken sunan fayil ɗin da ke ɗauke da tauraro da sa'a da lambar falo, da kwafin TIFF, fayil mai cikakkun bayanan hoton, daga zaɓin Analytical, ba hoton allo ba. Sannan a ba wani abokin aiki lambobin wurin da ranakun kawai, ba tare da gaya masa abin da ake zato ba, ya duba ya faɗi abin da ya gani. Idan bayaninsa ya saɓa da naka, hoton bai isa bugawa ba, kuma lokacin ne ya dace a nemi na kamfani. A nan ma aikin da aka yi bai tafi a banza ba, domin za a je wa kamfanin da takamaiman wuri da tazarar kwana biyu ko uku, maimakon a sayi hoton lardi guda ana lalube.